Tsakinmu Daban, "Hiss" Ɗin Bature Daban

Ka tare kowane ɗan makaranta a ƙasar nan, ko a Ikko, ko a Inugu, ko a Sakkwato, ka tambaye shi yadda a ke cewa tsaki da Turanci. Kafin ka rufe baki zai ce maka "hiss". Malaminsa ma abin da zai ce ke nan, haka ɗan jarida, haka lauya. Mun daɗe a kan haka har ya zamana ba mai tsayawa ya bincika. Amma fa in ka ɗauki wannan kalma ka kai ta Landan, ka gaya wa Bature wai uwargida ta yi maka "hiss" da safe sabo da kuɗin cefane bai isa ba, to, abin da zai zo masa a zuci ba tsaki ba ne ko kaɗan. Zai ɗauka ta haɗa haƙora ne tana huci kamar kumurcin da aka taka wa wutsiya, ko kuwa ta yaɓa maka wata baƙar magana ƙasa-ƙasa cikin fushi. Kalma ɗaya ce, amma mu da masu ita kowa da abin da ya ke nufi.

Bambancin tun daga baki ya soma, mai karatu ya gwada ya gani. In za ka yi tsaki, ka kan manna harshe a bayan haƙora, ka tsuke leɓe, sa'an nan ka zuƙo iska ciki. In kuwa "hiss" na Bature za ka yi, sai ka haɗa haƙora ka huro iska waje, ka ja "sssss". Wannan zuƙa, wancan hurawa.

Asalin kalmar ba wani mai nisa ba ne. Ba daga Latin ko Girkanci aka aro ta ba kamar sauran manyan kalmomin Ingilishi. Kwaikwayon sauti ce kurum, irin yadda mu kan ce abu ya faɗi tim, ko an mari yaro tas. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 14 a ke samunta a rubuce, kuma har yau ma'anarta ta farko tana nan, watau hucin maciji. Da ita a ke faɗin hucin dinya in an matso kusa da ƙwanta, da na kyanwa in kare ya ritsa ta, da ƙarar tayar mota da ƙusa ta huda, da ta ruwa in ya zuba a kan garwashi.

To, yaya aka yi hucin maciji ya zama hanyar nuna raini? Tsohuwar al'ada ce a Ingila, in taron jama'a ya ƙi mutum, ko ya ƙi abin da ya ke faɗi, sai su ɗauki wannan sauti gaba ɗaya, su yi ta yi masa har ya rasa ta cewa. A cikin fassarar Baibul ta Turanci da aka buga a 1611, zamanin Sarki James, kalmar ta zo sau da dama da wannan ma'ana, musamman a littafin Irmiya, inda a ke siffanta garin da ya rushe, masu wucewa na yi masa wannan sauti don wulakanci. Waɗanda suka karanta wasan Shakespeare na Julius Kaisar a sakandare za su tuna wurin da Casca ke ba da labarin yadda aka miƙa wa Kaisar kambin sarauta sau uku yana turewa. A nan ya ce talakawan Rum sun riƙa yi wa Kaisar tafi in ya gamshe su, su yi masa "hiss" in ya ɓata musu, kamar yadda su ke yi wa 'yan wasa a dandali. Mawaƙin nan John Milton, a cikin doguwar waƙarsa Paradise Lost ta 1667, shi ya haɗa ma'anonin biyu wuri guda. Ya kawo Shaiɗan ya koma wurin mabiyansa bayan ya yaudari Adamu da Hauwa'u, ya gama cika baki, ya tsaya yana jiran tafi. Sai ya ji huci ta ko'ina, domin an riga an mai da su duka macizai, ba abin da bakinsu zai iya fitarwa sai wannan.

Abin lura shi ne, duk misalan nan na taro ne. "Hiss" na raini makamin jama'a ne, mutum ɗari ko dubu a kan mutum guda da ke tsaye a gabansu. In da za a nema masa ɗan'uwa a Hausa, ba wurin tsaki za a nufa ba. Ya fi kusa da eho da ature irin wanda yara kan yi wa ɓarawon da aka kama, ko kuwa "ba ma yi" ɗin da a kan tari ɗan siyasa da shi in ya hau duro a unguwar da ba a sonsa.

Inda al'adar ta fi ƙarfi kuwa shi ne gidajen wasan kwaikwayo. A Landan ta ƙarni na 18 da na 19, wanda ya biya kuɗin shiga yana ganin ya sayi ikon yanke hukunci, kuma a daren farko a ke yankewa. Wasan da aka yi wa "hiss" a daren farko sau da yawa ba ya kai dare na biyu. Akwai wani marubuci Charles Lamb, akawu ne a Kamfanin Indiya ta Gabas, shi da 'yar'uwarsa Mary suka sauƙaƙa labaran wasannin Shakespeare don yara, littafin da tsofaffin 'yan makarantarmu da yawa suka karanta. A watan Disamba na 1806 aka nuna wani wasan barkwanci nasa a gidan wasa na Drury Lane. Yana zaune cikin 'yan kallo sai jama'a suka ɗauki huci. Da ya ga haka, shi ma sai ya shiga cikinsu ya yi ta yi, wai don kada a gane shi ne mai wasan. Wannan ita ce dabarar in ka ga gari ya tashi, ka bi gari.

Bayan shekara uku maganar ta kai gaban alƙali. Gidan wasa na Covent Garden ya ƙone a 1808, aka sake gina shi, aka buɗe ranar 18 ga Satumba 1809. Shugaban gidan, John Philip Kemble, ya ƙara kuɗin shiga don a mai da abin da aka kashe. Wurin zaman talakawa, da a ke biyan sule 3 da sisi, ya koma sule 4. A kan sisin nan mutanen Landan suka yi kusan wata uku suna cika gidan kowane dare, suna huci, suna busa ƙaho, suna kaɗa ƙararrawa, ba mai jin abin da 'yan wasa ke faɗi. Takensu shi ne a koma tsohon farashi. Wani ma'aikacin gidan mai suna Brandon ya sa aka kama wani lauya, Henry Clifford, cikin masu boren. Clifford ya kai ƙara, ya ce an tsare shi ba bisa doka ba. Alƙalin da ya ji ƙarar, Sir James Mansfield, ya bayyana cewa 'yan kallo na da ikon nuna abin da suka ji a ransu nan take, ko da tafi ko da huci, amma in mutane suka haɗa baki tun daga gida don su je su kassara ɗan wasa ko wasa, to, wannan laifi ne. Masu taya alƙali yanke shari'a suka ba Clifford gaskiya, aka ce a biya shi fam 5. Daga ƙarshe Kemble ya sauko, ya mai da sule 3 da sisi, ya kuma nemi gafarar jama'a. Watau dai a ƙasar da ta kawo mana dokokinmu na boko, har alƙali ya zauna ya shata iyakar inda "hiss" ya halatta da inda ya haramta.

Wanda ya fi muni a Amurka ya faru, kuma daga bakin mutum ɗaya ya taso. A wancan zamani akwai manyan 'yan wasa biyu da ba sa ga maciji da juna, William Macready Baturen Ingila, da Edwin Forrest Ba'amurke. Forrest ya je Landan a 1845 bai sami karɓuwa yadda ya so ba, ya zargi Macready da mutanensa. A watan Maris na 1846 Macready yana wasan Hamlet a Edinbara ta ƙasar Sikotilan, ya zo wani wuri yana kaɗa hankici, sai aka ji "sssss" daga cikin 'yan kallo. Forrest ne. Bai kuwa ɓoye ba, har jaridar Times ya rubuta wa takarda yana cewa shi ne, kuma ikonsa ne. Ɗan kallo ya yi wa ɗan wasa haka ba wani abu ba ne, amma ɗan wasa ya yi wa ɗan'uwan sana'arsa, Turawan Ingila sun ɗauke shi cin mutunci ƙwarai. Gaba ta yi ta ruruwa, jaridu suna ƙara mata itace, har ta tashi daga faɗan mutum biyu ta zama ta talakawan Amurka da masu kuɗin da su ke gani suna bin Ingila. Da Macready ya je wasa birnin Niyok a watan Mayu na 1849, ranar 7 ga wata aka kore shi daga dandali da ruɓaɓɓen ƙwai da dankali da kujeru. Ranar 10 ga wata ya sake fitowa, dubban mutane suka kewaye gidan wasa na Astor Place suna jifa, aka kira soja, soja suka buɗe wuta. Aƙalla mutum 22 suka mutu, fiye da 100 suka ji rauni. Macready ya sulale ya bar garin, bai ƙara komawa wasa Amurka ba.

Sabo da tsoron wannan sauti, 'yan wasan Ingila har laƙabi suka yi masa. In an yi wa mutum huci sai su ce an ba shi dinya, ko an ba shi tsuntsu, domin dinya ce gwanar huci. Yanzu dai abin ya ja baya. Ɗan kallon zamani "boo" ya fi yi, watau ihun nan na "buuu" da a ke ji a filin ƙwallo in alƙalin wasa ya yi hukuncin da bai yi wa jama'a daɗi ba. Inda "hiss" ya rage da ransa sosai shi ne wasannin yara na lokacin Kirsimeti, inda a ke zuga yara su yi wa mugun cikin wasa da zarar ya leƙo. A majalisar dokokin Ingila kuwa, har yau yana cikin abubuwan da ka'ida ta hana wakili ya katse ɗan'uwansa da su.

Akwai kuma wata ma'ana da mai karanta littattafan hira na Turawa zai yi ta cin karo da ita. In aka rubuta maganar mutum, aka bi ta da "he hissed", ana nufin ya faɗe ta ne a hankali ta tsakanin haƙora, cikin fushi ko gargaɗi, don kada na kusa su ji. Kamar uwar da ke ce wa ɗanta ya rufe mata baki a gaban baƙi. Ɗalibinmu kan karanta wannan ya ɗauka mutumin tsaki ya yi bayan ya gama magana. Baturen da ya ɗauki littafin marubucin Nijeriya shi ma kan ga an ce "she hissed and left the room", ya tsaya yana neman maganar da matar ta faɗa, bai san ba ta ce komai ba, tsaki ta ja ta fita.

Abin dariya a nan shi ne, ainihin sautin "sssss" na Bature mu ma muna yinsa kullum, amma ba don raini ba. Ka tsaya minti biyar a tashar mota a Ikko ko Badun ko Ankara ta Gana, za ka ji shi ta ko'ina. Da shi a ke kiran mai talla, da ɗan acaɓa, da yaron mai abinci. Ba wanda ke jin haushi. Amma ka kuskura ka kira mai kawo abinci da shi a wani otal a Ingila, ka ga yadda za a dube ka. Shi kansa Ingilishi na dā ya san wannan ma'ana ta kira, domin a cikin fassarar nan ta 1611, a littafin Ishaya, an yi amfani da kalmar wajen kiran ƙuda da zuma su taru. Turawa suka bar ta, mu kuwa ba daga wurinsu muka koya ba, namu ne tun asali.

Dalilin da ya sa muka ɗora wa tsaki wannan suna a fili ya ke. Baturen Ingila ba ya tsaki irin namu, sabo da haka harshensa bai tanadi kalma dominsa ba. Abin da ya ke da shi mafi kusa shi ne ɗan gajeren sautin nan da a ke rubutawa "tut" ko "tsk", wanda tsohuwa kan yi in ta ga yaro ya zubar da shayi a riga. Wannan kuwa ba ya ɗauke da nauyin tsaki, ya fi kama da "assha" ko "kai, kai". Da 'yan makarantar farko suka nemi sunan abin da su ke yi kullum, sai suka ga ga wata kalma mai sauti ta tsakanin haƙora, mai kuma ma'anar raini, suka ce ai ita ce.

'Yan'uwanmu baƙar fata da cinikin bayi ya kai ƙetaren teku ba su bi wannan hanya ba. Sun tafi da tsakinsu, suka kuma raɗa masa suna da kansu. A Jamaika "kiss teeth" su ke cewa, a Gayana da wurare da dama "suck teeth", a Tirinidad "steups", a ƙasashe masu Faransanci "tchip". A 1976 waɗansu masana biyu 'yan Gayana, John Rickford da matarsa Angela, suka buga bincike a wata mujallar nazarin al'adu ta Amurka a kan tsaki da harara. Suka iske baƙar fatar da suka tambaya a Amurka galibi sun san abubuwan nan biyu da ma'anarsu, farar fata kuwa kaɗan ne suka sani, suka kuma nuna cewa daga Afirka al'adar ta fito. Lalle kuwa, ko'ina ka duba a nahiyar nan akwai sunansa. Yarbawa na cewa "oṣe", masu Suwahili na cewa "msonyo". Yau a Landan, sabo da yawan 'yan Jamaika da 'yan Afirka ta Yamma, in ka ce "kiss teeth" kusan kowane malamin makaranta ya san abin da ka ke nufi.

Ya san shi ne kuwa domin ya zama abin rigima. A 2015 jaridun Faransa suka ba da labarin waɗansu makarantu a kewayen Faris da suka hana ɗalibai yin tsaki a aji. A Ingila ma akwai makarantun da suka sa shi cikin laifuffukan da a ke hukunta ɗalibi a kansu, har waɗansu iyaye na kukan cewa 'ya'yan baƙar fata a ke nufi da dokar. Kukan na da dalili in hukuncin ya wuce kima, ko in ana barin ɗan Bature ya juya ido sama don raini ba a ce masa komai ba. Amma Bahaushe ba zai ce tsaki a gaban malami ba laifi ba ne. Mu da mu ke da abin mun fi kowa sanin nauyinsa. Yaron da ya yi wa mahaifinsa tsaki ya san abin da zai biyo baya. Matar da ta yi wa uwar miji, maganar sai ta kai gaban manya. Faɗa nawa aka yi a bakin famfo da layin asibiti wanda ba a zagi kowa ba, tsaki kawai aka ja? Sa'an nan kuma ba kowane tsaki ne na raini ba. Akwai na takaici, wanda mutum kan yi shi kaɗai in an ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, akwai na tausayi in an ji labarin wani ya shiga wahala, akwai na wasa tsakanin abokai. Kalmar "hiss" ba ta iya ɗaukar ko ɗaya daga cikin waɗannan a kunnen Bature.

To, shin kuskure mu ke yi? A ganina, a cikin gida ba kuskure ba ne. Turancin Nijeriya ya riga ya tsaya da ƙafarsa. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancinmu, har da "danfo" da "okada" da "Kannywood". In ɗan Kano ya ce wa ɗan Fatakwal "she hissed at me", sun fahimci juna sarai, kuma amfanin harshe ke nan. Mai son ya hana miliyoyin mutane kalmar da suka saba da ita, ya ɗauko aikin da ba zai gama ba.

Inda ya kamata a yi hattara shi ne inda magana za ta ƙetare iyaka. Ma'aikaciyar jinya 'yar Nijeriya da ke aiki a asibitin Ingila, in ta rubuta ƙorafi ta ce abokiyar aikinta ta yi mata "hiss", shugabanta zai karanta wani abu dabam da wanda ya faru, kuma in aka tambayi wadda a ke ƙara ta ce ba ta yi ba, ba ƙarya ta yi ba. Ta rubuta "kissed her teeth" ko "sucked her teeth". Haka ɗalibin da zai rubuta jarrabawar Turanci ta ƙasashen waje, haka tafinta a gaban shari'a in masu sauraro ba 'yan gida ba ne.

Masu fassara labarai zuwa Hausa su ma abin ya shafe su, ta ɗaya gefen. In labari ya zo daga waje cewa taro ya yi wa minista "hiss", kada a rubuta wai jama'a sun yi masa tsaki, a ce sun yi masa eho ko ihu. In maciji ne ko kyanwa, huci. In a littafin hira ne, ya faɗa ƙasa-ƙasa cikin fushi. Sauran kalmomin raini na Ingilishi ba su da wannan wahala, don Hausa na da kishiyar kowace. "Sneer" shi ne yatsina fuska da ɗaga leɓen sama, wanda Charles Darwin ya yi bayani a littafinsa na 1872 cewa ya yi kama da yadda kare kan buɗe fiƙarsa. "Scoff" ba'a ce da baki, "jeer" kuwa ita ce eho.

Wajen rubuta sautin kansa kuwa, ba Bature ba ƙamus, mu muka yi wa kanmu ka'ida. Marubutan littattafan Hausa kan sa "mtsw", mutanen Kudu kan sa "mtcheew", kuma tun da wayar hannu ta zo kowa ya san cewa yawan haruffan shi ne yawan rainin. Wanda aka aika wa "mtsw" mai "w" ɗaya yana iya ba da haƙuri a wuce wurin. Wanda ya ga guda shida a jere, gara ya bari sai gobe.